Faɗin fili da salon wasa a hokin ƙanƙara na jami'o'in Amurka: abin da aka tattauna

1. A tattaunawar kan yadda girman fili ke shafar wasa, kowa ya yarda bambancin filayen yana a faɗi. Tsawo ƙafa 200 ne, amma filin NHL (babbar gasar ƙwararru ta Amurka da Kanada) faɗinsa ƙafa 85, wanda ake kira na Olamfik kuwa kusan 100.

2. A ƙunƙuntaccen fili karo ya fi yawa, lokacin tunani kaɗan. Shawarar mafi yawa: a jefa fak (ɗan faifan roba da ake bugawa a madadin ƙwallo) cikin kusurwa, a bi shi da matsi, a yawaita harbi ta gaban raga.

3. A faffaɗan fili, ɗan baya kada ya bi abokin hamayya har bango. In ya bi, tsakiya ta buɗe, daga nan ake zura ƙwallo. Mai tsaron raga ma sai ya sake auna tsayuwarsa, domin alamomin bangon da ya saba da su sun matsa.

4. Nan ra'ayi ya rabu. Wasu sun ce faɗi yana ba masu gudu dama. Wasu suka ce masu tsaro cunkushe tsakiya suke yi, wasan ya koma gefe, harbi ya yi nisa. Hujjar na biyun ta fi ƙarfi a ganina.

5. An ambaci Colorado College da ta koma fili irin na NHL a 2021, da jami'ar Minnesota da ta rage faɗin filinta na Mariucci a 2023.