Neman kalma: me za mu kira "stage fright" da Hausa?

Malama, Tudun Wada: Assalamu alaikum. Ranar Asabar zan koya wa 'yan matan sakandare dabarun jawabi a gaban jama'a, kuma gobe da la'asar zan kai takardun a buga. Komai ya zauna sai wannan kalma. A muhawarar bara wata ɗalibata ta haddace jawabinta tsaf, amma tana karɓar makirufo takardar hannunta ta fara kaɗawa, yawunta ya ƙafe, ta yi sallama sau biyu ta tsaya cak. Sunan abin da ya same ta nake nema.

Ɗan Rigasa: Tsoron dandamali.

Tafinta, Kawo: Wannan Turanci ne aka sa wa hula. Wanda aka tura neman aure a zaure ma abin yana kama shi, ina dandamali a nan? Idanun mutane ne ke kaɗa hanji. Ni dai "fargabar taro".

Tsohon ma'aikacin rediyo: 'Ya'yana, Bahaushe ya riga ku. Cewa ake "taro ya yi masa kwarjini". Ku sa "kwarjinin taro".

Malama: Allah ya ƙara girma, Baba, na so hakan. Matsalar ita ce a darasi na biyu zan nuna musu yadda mai jawabi ke samun nasa kwarjinin: tsayuwa, kallon jama'a, saisaita murya. In kalma ɗaya ta zama cuta a shafin farko, ta zama ado a na biyu, yaran za su rikice.

Ɗalibin Hausa, Unguwar Rimi: Duk ku bari. Ga "ɗaure-harshe". Ginin Hausa ne tsantsa, aikatau da suna, irin su fasa-ƙwauri da hana-salla. Gajere ne, kuma ya zana abin.

Tafinta: Ƙanena, ka ce wa uwa 'yarta na da ɗaure-harshe, gobe tana gidan mai magani neman karya sammu. Kuma harshe kaɗai ka kama. Sinadarin adiranalin, wanda jiki ke saki in mutum ya firgita, shi ke kwarara, zuciya ta yi ta dukan uku-uku, tafin hannu ya jiƙe, gwiwa ta yi sanyi.

Ɗalibin Hausa: Kowace sabuwar kalma baƙuwa ce ranar farko. Shi ya sa ba ma ci gaba, kullum sai dogon bayani. Ɗaure-harshe nake kai har gobe.

Ɗan Rigasa: To ai a tambayi Kanawa, tunda Hausarsu ce daidaitacciya. Hausar Kaduna gauraye ce.

Tsohon ma'aikacin rediyo: Wannan maganar ta yi mini zafi. Tun 1962 ake watsa labarai da Hausa daga garin nan, har makiyayi a daji da rediyonsa a kafaɗa. Gaskiya Ta Fi Kwabo kuwa a Zariya ta fara fita a 1939, Abubakar Imam na editanta. Kalmomi nawa aka gwada a waɗannan wurare har suka zauna a bakin mutane? Kada ka sake raina gidanku.

Ɗan Rigasa: Tuba nake, Baba. Amma ko "jawabi" da "muhawara" ai aron Larabci ne.

Tafinta: Sun kwana sun tashi a gidanmu, sun zama 'yan gida. Mu koma kan aikin Malama, dare na yi.

Malama: Ga abin da na rubuta. Kan darasi: "Fargabar taro". A ƙarƙashinsa: "wato taro ya yi wa mutum kwarjini har ya daburce". Sai magani: jan numfashi a hankali kafin a kira suna, haddace jimloli biyu na farko, da zaɓen fuskoki uku a dama, tsakiya da hagu a riƙa yi musu magana.

Tsohon ma'aikacin rediyo: Da kwarjini ne a sama da na fi so. Amma buga haka.

Ɗalibin Hausa: Fargaba ta yi faɗi da yawa, mai tsoron tashin hankali a taro ma ita yake yi. Malama, ko sau ɗaya ki faɗa wa yaran tawa da baki, ki ga wadda za su riƙe.

Malama: Zan faɗa musu ranar Asabar, in sha Allahu.