Abin da aka tsayar kan taimaka wa matashi mai cutar da kansa

A wata tattaunawa da iyaye, malaman makaranta da ma'aikatan lafiya suka yi kan matasan da ke ji wa kansu rauni da gangan, an fi daɗewa a kan yadda babba zai karɓi labarin a karon farko. Mahalarta sun yarda cewa duka, gori da tona asiri a gaban dangi ba sa hana ɗabi'ar, sai dai su sa yaro ya ƙara ɓoyewa, domin galibi yana yin hakan ne don ya rage wani ƙunci da ya kasa furtawa. Abin da ya dace shi ne a keɓe da shi, a saurare shi, a kuma tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa, tunda tambayar ba ta cusa masa wannan tunani.

An ja hankali kan alamu kamar yawan kaɗaita, raunukan da ba su da bayani da sa doguwar riga ko a tsananin zafi. An kuma ce a kawar da magunguna da maganin ƙwari daga inda hannunsa zai kai.

An ɗan yi saɓani kan masu danganta lamarin da aljanu, amma ra'ayin da ya fi ƙarfi, kuma shi ne daidai, shi ne a haɗa addu'a da ganin likita. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna, Kware (jihar Sokoto) da Maiduguri, sannan dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta Najeriya da aka sanya wa hannu a 2023 ta haramta nuna wa mai irin wannan lalura wariya.