Giɓin Kasafi da Harajin Attajirai: Wane Suna Za Mu Tsayar?

'Yan'uwa masu fassara da masu rubuta labaran tattalin arziki, ina roƙon mu daidaita a kan wasu kalmomi, domin muhawarar da jihohin Amurka suke yi game da yadda za su cike giɓin kasafin kuɗinsu tana ƙara shigowa labaranmu, kuma kusan duk shawarar da aka kawo sai mu kira ta "harajin masu kuɗi", alhali abubuwa ne daban-daban.

Ta ɓangaren kalmar "deficit" babu sauran gardama, domin "giɓin kasafi" ya riga ya zauna, kishiyarsa kuma ita ce "rara". Abin lura kawai shi ne kada a gauraya giɓi da bashi: giɓi na shekara guda ne, bashi kuwa abin da aka ciwo ne ya taru. A jihohin Amurka bambancin yana da nauyi, saboda dukkansu, in ban da Vermont, suna da dokar da ta wajabta daidaita kasafi, don haka giɓin da muke ji yawanci hasashe ne da dole a toshe shi kafin kasafin ya zama doka, ko dai da rage kashe kuɗi, ko da taɓa asusun ajiya, ko da ƙara haraji. Kalifoniya ta yi shelar rarar dala biliyan 97.5 a 2022, amma a Disamba 2023 ofishin nazarin kasafi na majalisar jihar ya yi hasashen giɓin dala biliyan 68. Babban dalili shi ne jihar ta dogara sosai ga harajin manyan masu samu, waɗanda abin da suke samu yake hawa da sauka tare da kasuwar hannun jari.

Inda matsalar take shi ne sunan harajin. Ra'ayina shi ne mu riƙa sa wa haraji suna bisa abin da ake karɓarsa a kai, domin "masu kuɗi" yana gaya wa mai karatu wanda zai biya ne kawai. A 2022 masu zaɓe a jihar Masachusets sun amince da ƙarin kashi 4 cikin 100 a kan abin da ya haura dala miliyan 1 na kuɗin da mutum ya samu a shekara. Wannan harajin kuɗin shiga ne da aka ɗora wa wani a kai, shi ya sa nake ba da shawarar mu kira shi "harajin ɗori". Mai tarin gidaje da hannayen jari wanda abin da ya shigo masa a shekarar bai kai miliyan ba, wannan ɗorin ba ya taɓa shi.

Abin da ake kira "wealth tax" shi ne ya cancanci sunan "harajin dukiya", wato wanda ake lissafawa duk shekara a kan jimillar abin da mutum ya mallaka bayan an cire bashin da ke kansa, ko ya sayar da wani abu ko bai sayar ba. Siwizalan da Norwe da Sifaniya suna karɓarsa, Faransa kuma ta taƙaita nata ga gidaje da filaye daga 2018. Wani zai iya cewa mu ari "jangali", tunda shi ma a kan abin da ke tsaye ake ƙirga shi, kan shanu ɗaya bayan ɗaya. Ma'anar ta yi kusa ƙwarai, sai dai kalmar ta manne wa dabbobi har ba za ta ɗauki hannun jari ba. Zakka kuwa, duk da nisabinta da sharaɗin cikar shekara, ibada ce, kuma bai dace mu ja sunanta cikin rikicin majalisa ba.

Wanda yake ganin wannan tsantseni ya yi yawa, ya dubi abin da ya faru a jihar Washinton. Tun 1933 kotun ƙolin jihar ta yanke cewa kuɗin shiga dukiya ne, tsarin mulkin jihar kuma ya ce duk harajin da ake karɓa a kan dukiya ya zama kaso ɗaya ga kowa, abin da ya toshe hanyar ɗora wa manyan masu samu kaso mafi girma. Da majalisa ta kafa harajin kashi 7 cikin 100 a 2021 a kan ribar da ta haura dala 250,000 daga sayar da kadarori irin su hannun jari, masu adawa sun kai ƙara cewa harajin kuɗin shiga ne aka sauya wa suna. A Maris 2023 kotun ta yanke cewa haraji ne a kan cinikin sayarwar, ta bar shi ya ci gaba. Shari'ar gaba ɗayanta a kan rukunin da harajin ya faɗa aka yi ta, kuma mai fassarar da ya rubuta "harajin masu kuɗi" ya hana mai karatunsa gane abin da alƙalan suka warware. Ga wannan nau'in ina ba da shawarar "harajin ribar sayar da kadara". Ya ɗan yi tsawo, kuma idan wani yana da gajeren suna da zai riƙe sayarwar da ribar duka biyu, ya kawo shi mu duba.