Ƙasar da sarki ke bayarwa saboda yaƙi: lada ce ko kafin alƙalami?

Ɗan Pantami:

Assalamu alaikum malamai. A tarihin yaƙe-yaƙen Ingila da Sikotlan, daga 1296 zuwa 1357, kullum sai a ce sarki ya ba wane ƙasa saboda hidimar da ya yi masa. Abin da ya shige mini duhu shi ne, ladan yaƙin da mutum ya riga ya yi ne, ko kuwa kafin alƙalami ne na wanda zai yi nan gaba? Kuma yaya ake miƙa ƙasar a aikace? Ko daidai yake da yadda sarakunanmu na Gombe da Bauchi suke naɗa hakimi su ba shi ƙasa? Allah ya ƙara ilimi.

Malamin Jekadafari:

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, duka biyun ne, amma fara riƙe wannan: ba da faɗi ake auna ƙasar ba, da abin da take kawowa a shekara ake aunawa. Takarda za ta ce an ba wane ƙasa mai kawo fam 100. Lissafinsu irin na iyayenmu ne kafin zuwan naira, fam ɗaya sule 20, sule ɗaya kwabo 12. Akwai kuma mak, wato sule 13 da kwabo 4.

Ga yadda ake bi. Wakilin sarki zai tara mutanen yankin, galibi goma sha biyu, ya rantsar da su, su faɗi abin da gonaki da makiyaya da injin niƙa na ruwa da tarar kotu suke kawowa. Sannan magatakarda su rubuta takardar kyauta, a jera shaidu, a rataya babban hatimin sarki na kakin zuma. A cikinta ake rubuta nauyin da ke kan ƙasar, wato barade nawa za ta fitar idan sarki ya kira. Annandale, ƙasar gidan su Robert Bruce wanda daga baya ya zama sarkin Sikotlan, barade goma ke kanta tun ƙarni na 12. Daga nan sai caffa: mutum ya durƙusa, ya haɗa tafukansa ya sa su cikin hannun sarki, ya rantse. Duk da haka ƙasa ba ta zama tasa ba sai an tafi da shi har wurin, an danƙa masa dunƙulen ƙasa a gaban shaidu. Wanda ke da takarda amma ba a shigar da shi ba, hujjarsa mai rauni ce a kotu.

Idan ya mutu, ƙasar takan koma hannun sarki, a bincika wane ne magaji. In ya kai shekara 21 sai ya biya kuɗin sarauta, fam 5 kan kowane barde. In yaro ne, sarki ke cin amfanin ƙasar har ya girma, kuma yana iya sayar wa wani ikon yi masa aure.

Matsalar ita ce hidimar kwana 40 ce kawai a shekara. Wanda ya taso daga kudancin Ingila, kafin a kafa wa gari guda sansani har ya miƙa wuya kwanakinsa sun ƙare. Shi ya sa Edward na Ɗaya, sarkin Ingila, ya dogara da albashi: barde mai tuta sule 4 a rana, barde sule 2, mahayi mai sulke sule 1, maharbi na ƙasa kwabo 2. Kafin a fita akan yi wa dawakin masu albashi kuɗi, a rubuta launin kowane doki, in ya mutu a fagen fama sarki ya biya. Jerin dawakin yaƙin Falkirk na 1298 yana nan har yau. Ke nan albashi ne ke riƙe runduna a daji, ƙasa kuwa ita ke ɗaure manya shekara da shekaru.

Malama daga Yelwa, Bauchi:

Malam ya faɗi yadda ake yi a ƙa'ida. Ni inda abin yake lalacewa zan taɓa, domin yawancin kyautar da Edward ya yi a Sikotlan cinikin biri a sama ne.

Bayan Falkirk, a garin Carlisle, ya raba wa manyansa ƙasashen 'yan Sikotlan da ya kira 'yan tawaye, alhali da yawansu ba sa hannunsa. A 1301 ya yi wa Aymer de Valence alkawarin ƙasa mai kawo fam 1,000, har da Bothwell, tun gidan yaƙin nan na dutse yana hannun abokan gaba. Sai daga baya aka kai masa yaƙi aka karɓe shi. Dabarar a fili take: wanda aka ba ƙasar da ba a ci ba, da kansa zai ɗaura ɗamarar zuwa cin ta, ba sai an roƙe shi ba.

To amma ga tarkon. A 1304 John Comyn da sauran manyan Sikotlan suka miƙa wuya bisa sharaɗin a bar musu ƙasashensu. Edward ya yarda don yana son zaman lafiya, sai ga barorinsa da suka zubar da jini riƙe da takardun ƙasar da ta koma ga masu ita. Gona ɗaya, mutum biyu, kowa da hujjarsa. A 1306, da Robert Bruce ya kashe Comyn a Dumfries ya hau gadon sarautar Sikotlan, aka sake sabon rabo: Carrick ga Henry Percy, Annandale ga Earl (wato babban basarake) na Hereford. Ƙasar Douglas kuwa tana hannun Robert Clifford, kuma hakan ne ya tura James Douglas wajen Bruce, har ya dawo ya ƙona gidan ubansa da hannunsa don kada Ingilishi su zauna ciki. Bayan Bruce ya ci Ingilishi a yaƙin Bannockburn a 1314 waɗannan takardu ba su da sauran amfani.

Bruce ma bai tsira ba. A Nuwamba 1314 majalisarsa ta zauna a Cambuskenneth ta yanke cewa duk wanda bai shigo biyayyarsa ba ya rasa gadonsa, ya raba wa mutanensa. Aka yi sulhu da Ingila a 1328, amma waɗanda aka ƙwace wa ba su haƙura ba. Henry Beaumont, mai neman ƙasar Buchan ta wajen matarsa Alice Comyn, shi ya tara su tare da Edward Balliol mai neman sarautar Sikotlan, suka ci yaƙin Dupplin Moor a 1332. Wannan zagaye na biyu na yaƙin rigimar gado ce ta kunna shi.

Ɗan Tashan Dukku:

Ƙari kan ɓangaren Sikotlan, don kada a zaci barade kaɗai ake nema. Bruce yakan daidaita hidima da yanayin wuri. Thomas Randolph ya karɓi Moray a 1312 kan barade takwas, amma tsibirin Man jiragen ruwa shida aka ɗora masa, kowanne mai filafili 26. Colin Campbell ya karɓi Lochawe a 1315 kan jirgi ɗaya mai filafili 40 na kwana 40. Ban da wannan akwai gayyar kowa da kowa: dokar 1318 ta ce mai dukiyar fam 10 ya tanadi rigar lifidi da kwalkwali da safar hannu ta ƙarfe da mashi da takobi, mai dukiyar saniya ɗaya kuwa mashi, ko baka da kibiya 24.

A ganina waɗanda suka ci riba ta gaske su ne masu karɓar ƙasa a gefen Ingila na iyaka. An yi wa Percy, ɗan Henry Percy da aka ba Carrick, albashin mak 500 a shekara, sai a 1328 aka musanya masa da gadon gidan yaƙin Warkworth da ƙasarsa, ya shiga a 1332, gidansu ya kafu a Northumberland. Sai dai ba duka suka wanye lafiya ba. John Coupland da ya kama Sarki David na Biyu na Sikotlan a yaƙin Neville's Cross a 1346 ya sami fam 500 duk shekara, amma maƙwabtansa na arewa suka kashe shi a 1363. Andrew Harclay ya zama Earl na Carlisle a 1322, ya yi sulhu da Bruce ba da izinin sarki ba, aka kashe shi a Maris 1323. Bai cika shekara kan sarautar ba.

Ɗan Pantami:

Na gode ƙwarai. Saura batun hakimai, malam. Kwatancin ya tsaya ko kuwa?

Malamin Jekadafari:

Ya tsaya da ƙafa ɗaya. Akwai kama: a da hakimi yakan fito da dawakinsa idan sarki ya yi kira, yana biyan kuɗin sarauta, kuma kafin zuwan Turawa da yawansu a birni suke zaune, jakadu ke karɓo musu haraji, kamar yadda manyan Ingila ke da wakilai a ƙasashen da ba sa takawa. Wani zai ce tutar da Shehu ya ba Yakubu na Bauchi da Buba Yero na Gombe ai ita ma izini ce kan ƙasar da ba a ci ba. Ban cika son wannan kwatanci ba, don tuta izinin jihadi ce da shugabanci, ba wanda ya zauna ya ƙiyasta mata fam kaza a shekara.

Babban bambancin yana wajen gado. A nan ƙasa tana bin rawani, in sarki ya tuɓe hakimi ta bi wanda aka naɗa. A can takarda kan ce an ba wane da magadansa, sarki ba ya karɓewa sai da hujja irin ta cin amana, kuma inda babu ɗa namiji 'ya'ya mata ke gada, miji ya riƙe ta wajen matarsa. Ta nan ne Beaumont, wanda asalinsa mutumin Faransa ne, ya sami bakin cewa Buchan tasa ce.