Daga aikin fili zuwa kujerar manaja a ƙungiyoyin agaji: yaya kuka yi?

Ɗan Gwange: Assalamu alaikum. Shekarata huɗu ina aikin fili da wata ƙungiya a Maiduguri, kwantiragi kullum na wata shida. Duk gurbin manaja da ya fito sai na nema, shiru kake ji. Waɗanda suka haura, don Allah me ya buɗe muku ƙofa?

Maman Hanifa: Wa'alaikumus salam ƙanena. Ni da tattara bayanai na fara a 2017, tanti-tanti a sansanin 'yan gudun hijira na Bakassi da ke Maiduguri, da manhajar KoboCollect a waya. Abin da ya ɗaga ni kuwa rasit ne. Akantarmu ta tafi hutun haihuwa, aka rasa mai haɗa takardun wani taron horaswa, na ce a ba ni. Kwana uku ina manna rasitan mai da na abinci, ina bin direbobi har bakin gareji su sa hannu. A nan na gane kasafi: wane layi za ka iya taɓawa, wanne sai da izinin mai ba da tallafi. Da na shiga intabiyu, a kan wannan suka fi tsare ni. Digirina na biyu ko tambayarsa ba su yi ba.

Baban Sadiq: Ni ƙaramar ƙungiyar unguwa nake riƙe da ita a Katsina. Rajistar CAC (hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi) da takardar SCUML (sashen EFCC mai hana halasta kuɗin haram), wadda banki ya ce sai da ita zai buɗe mana asusu, duk da ƙafata na bi su. Takardu ba su taɓa hana ni barci ba, mutane ne. Shugaban amintattunmu ya turo ɗan ƙanwarsa a ɗauke shi aiki, na ce ya rubuta jarrabawa kamar kowa. Wata biyu Alhaji bai amsa gaisuwata da kyau ba.

'Yar Jimeta: Kujerar ma da zafinta fa. A Janairun 2025 da Amurka ta dakatar da tallafin hukumarta ta agaji, USAID, ni aka sa na tara ma'aikatana na gaya musu aiki ya tsaya. Ɗaya daga ciki saura sati uku bikinsa.

Ɗan Gwange: Allah ya saka da alheri. Anti Maman Hanifa, gobe da safe zan leƙa ofishin akanta. Mutumin dai ba ya son a taɓa masa fayil, a taya ni da addu'a.