Murɗa gadon baya, tausa da ƙaho: wanne bincike ya tabbatar?

Ɗan Kurmi: Assalamu alaikum. Masana, ina tambaya kan masu murɗa gadon baya har ya ce ƙas, waɗanda bidiyonsu ya cika TikTok. Wai ƙashi ne ya goce suke mayar da shi. Akwai hujja, ko gara tausa da ƙahon wanzami?

Maman Hanan: Wa alaikumus salam. Sana'ar sunanta kairofiraktik, D. D. Palmer ne ya ƙirƙiro ta a Amurka a 1895, bisa da'awar cewa gocewar ƙashin baya ce tushen yawancin cututtuka. Har yau ba a tabbatar da wannan da'awa ba. Ƙarar da kake ji ba ƙashi ba ne ya koma mazauninsa. Kumfar iska ce ke buɗewa cikin ruwan gaɓa idan an fizge ta, kamar dai yadda ake ƙas da yatsu, shi ya sa sai an jira kusan minti 20 kafin gaɓar ta sake yin ƙara.

Amma fa murɗa bayan yana ɗan rage ciwo. A 2019 mujallar BMJ ta haɗa gwaje-gwaje 47 na mutum sama da 9,000 masu daɗaɗɗen ciwon baya, aka ga sauƙinsa bai wuce na motsa jiki da sauran hanyoyin asibiti ba. A sabon ciwo kuwa, nazarin mujallar likitoci ta JAMA na 2017 ya samu ragin ciwo na kusan maki 10 cikin 100. Ga shi sabon ciwon baya yawanci yakan lafa da kansa cikin mako 6, sai mai murɗa ya kwashe yabon.

Malam Sabo Gashin Ƙashi: Haka ne, Maman Hanan. Shi ƙaho, a Burazil an raba mutum 90 masu daɗaɗɗen ciwon baya gida biyu a gwajin da aka buga a 2021: wasu busasshen ƙaho (wanda ba a tsaga) na gaske, wasu kofin da ba ya zuƙa, har mako 8. Babu bambanci. Na tsaga kuma gwaje-gwajensa ƙanana ne, kuma aska ɗaya a jikin mutum da yawa hanyar ciwon hanta ce. Tausa tana sassauta jiki, sai dai sauƙinta na ɗan lokaci ne. Hukumar NICE mai tsara ƙa'idojin magani a Ingila tun 2016 ta ce kada a yi murɗa ko tausa kaɗai, a haɗa da motsa jiki.

Hajiya Balaraba: Ɗan Kurmi, shi wuya dai kada a murɗa shi. Fizge shi da ƙarfi na iya tsaga jijiyar jinin da ke bi ta cikin ƙasusuwan wuya zuwa ƙwaƙwalwa, shanyewar ɓarin jiki ta biyo baya. Ba kasafai yake faruwa ba, amma ba a iya gane wanda zai faɗa wa tun kafin a taɓa shi. Kuma idan ciwon baya ya zo da rama, zazzaɓi da gumin dare, a nemi hoto tukuna, don tarin fuka na cin ƙashin baya a ƙasarmu. Riƙewar fitsari, mutuwar fatar tsakanin cinyoyi ko raunin ƙafa kuwa, asibiti ne a ranar.