Abin da aka tattauna kan wasan kwaikwayon yara a gindin darbejiya

Malamai mata da iyaye sun zauna a wani ƙauye kusa da Ringim, inda ajin share fage ba shi da ɗaki, tabarmi ne kawai a gindin darbejiya. Maganar ita ce wasan da yara ke ƙirƙira da kansu: tuwon ƙasa, ɗaurin auren 'yar tsana, dokin kara, cin kasuwa.

Shawarar da ta fi samun goyon baya ita ce babba ya ja da baya. Wata malama ta ce da zarar ta tsoma baki, kasuwar ta watse. In kuwa dole ne, ta shiga a matsayin mai saye, ta taya "tumatir" na tsakuwa, yarinya ta ce albarka. A nan ake koyon ƙidaya ba tare da allo ba. Ni ma wannan ta fi kwanta mini.

Kayan wasa ba sai an saya ba: karan dawa, laka, murafen kwalba, tsumma. A dai share wurin da safe saboda kunama da ƙaya, a nesanta yara da bakin rijiya.

An ɗan yi gardama kan sarauta, don yaro ɗaya ne kullum sarki, sauran dogarai. Aka ce a riƙa juyawa, har mai kunyar nan da ke raɓe jikin bishiya.

Wata kaka ta ce a kasa kunne. Yarinyar da kullum take zane 'yar tsanarta da tsumagiya, a tambayi uwarta cikin hikima, ba a gaban mutane ba.